Kwandalar Peso Ɗari

A Balparaiso, inda gidaje ke hawa kafaɗar juna
don su leƙi teku,
na shiga aji shida da kwandala ɗaya a aljihu
da takardun gwaji arba'in da biyu.

Na ce su zo ɗaya bayan ɗaya.
In cilla ta sama, in cafe.
Ta faɗo da fuska, kai Kore ne.
Ta faɗo da baya, ke Rawaya ce.
Ba kakan kowa a cikin maganar,
ba unguwa, ba coci,
ba wanda ya taɓa ci wa wani iyakar fili.
Ƙarfe ne ya yi juyi a iska
ya sauka a tafin hannuna mai gumi.

Kafin a buga ƙararrawar abinci,
Gaspar, da ya shigo yana gutsura biredi ɗaya da Nahuel,
ya ja kujerarsa taku biyu.
Fresia ta raɗa wa ta kusa da ita
wai ita dama ta lura Koraye ba su iya dariya ba.
Dama!
Minti arba'in da haihuwar Koraye a duniya.

Sai rabon maki.
Ga zaɓi a takarda, ba suna, sai launi:
naka ya sami sha tara, na can ashirin da biyar,
ko naka ya sami bakwai, na can ya tashi da ɗaya.
Na tsaya bakin taga ina jin fensira suna ƙaiƙayar takarda.
Bakwai.
Bakwai.
Gara ɗan'uwa ya kwana da rabin ciki
in dai bare ya kwana da wofi.

Da la'asar Renato ya zuba alƙaluman a na'ura
yana kaɗa ƙafa kamar mai jin kiɗa.
Ya ce, "Eloisa, layin ya miƙe sumul,
sai lamba ashirin da bakwai ce ta karkace."
Na jawo takardar.
Maite ce, mai tabon tawada a haɓa.
Sha uku, sha uku, sha uku, har ƙasan shafi,
a gefe kuma da ƙaramin rubutu:
"Malama, lokacina saura kaɗan ta suɓuce miki.
Da ta faɗi ƙasa, da wace ce ni?"

Renato ya ce a cire ta,
tana ɓata matsakaicin lissafi.
Na ce bari sai gobe.

Muna jiran keken hawa tudu, hazon teku na lasar fitilu,
saƙo ya shigo wayata daga mujalla:
an mayar mana da aikin bara,
alƙalin ya ce hujjarmu ba ta nuna ba.
Ban san sunansa ba, ba a faɗa,
amma na ji bakina yana cewa,
"Ɗan Santiyago ne wannan, haka suke,
ba sa ganin komai in ya fito daga bakin ruwa."
Renato ya ce, "Ai mu ba sa son mu."

Mu.
Kalmar ta zauna mini a harshe kamar zuma,
ta ɗumama ni har cikin takalmi.
Shekara sha ɗaya ina auna wannan ɗumi a jikin mutane,
ban taɓa sa wa kaina ma'auni ba.
Laifi tudu ne,
ga ni kuwa a garin tuddai.

Na laluba aljihu zan biya kuɗin hawa,
yatsuna suka ci karo da ita.
Na miƙa wa tsohon da ke bakin ƙofa.
Ya wurga ta cikin gwangwani kan 'yan'uwanta,
bai duba ta wane gefe ta kwanta ba.

Keken ya fara ja, katako na kuka.
Na ce, "Renato, ashirin da bakwai ɗin nan,
bar ta a inda take."
Ya ce, "Layin fa?"
A ƙasa, wani jirgin kaya yana shigowa tasha,
duhu ya hana mu ganin tutarsa.